Jikoki Biyu a Fili Ɗaya

Shekarar da aka kawo gasar wasannin ƙasashen yankin garinsu, Kaka ba ta san komai game da ƙwallo ba sai wankin kayanta. Ita ta raini Guntu, ɗan babban ɗanta mai walda, tun daga yaye, saboda haka ta san yadda laka ke kama safa, ta san warin takalmin da aka wuni ana gudu a cikinsa. Amma ko da wasa ba ta taɓa taka filin wasa ba. Da aka ɗauki Guntu cikin 'yan ƙasa da shekara goma sha bakwai da za su buga wa ƙasar, abin da ta fara tambaya shi ne ko can ma ita za a riƙa kawo wa wankin.

Gari ya cika ya batse. An shafe gefen tituna da fenti, an rataya tutoci a jikin fitilun hanya, manyan motoci na ta kai da kawo da 'yan dambe da masu ninƙaya da 'yan gudu. An sauke 'yan wasan duka a ɗakunan kwanan ɗaliban jami'a. Mai walda ma ya samu rabonsa, domin shi da yaran shagonsa suka yi ƙarafan shingen wani ɓangare na filin wasan, kuma duk wanda ya zo gyaran ƙofa sai ya ji labarin.

Wata rana da la'asar yana tsugune yana haɗa ƙafar gado, wayarsa ta yi ƙara. Guntu ne daga sansani. Ya ce a ɗakin cin abinci wani dogon yaro daga cikin 'yan ƙwallon maƙwabciyar ƙasa ya zo teburinsu, yana ta in'ina da Hausa, yana tambaya ko akwai wanda ya san wani layi a bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda akwai shagon walda kusa da famfo. 'Yan tebur suka kwashe da dariya suka nuna masa Guntu.

"Baba," in ji Guntu, "ɗan Gwaggo Auta ne. Yana nan kusa da ni."

Mai walda ya kashe injin. Ya daɗe a tsugune kafin ya tashi ya shiga gida, tabaran walda na goshinsa.

Auta ita ce ƙanwarsa, 'yar Kaka ta ƙarshe. Wani mai gyaran layukan waya da aiki ya kawo shi garin ya aure ta, ya tafi da ita ƙasarsu. Sau ɗaya ta zo gida da yaron, yana goye. Yana ɗan shekara tara ta kwanta gajeriyar rashin lafiya ta rasu, kuma kafin labari ya ishe su har an kai ta. Zafin wannan ya sa mai walda ya gaya wa mijin baƙaƙen maganganu a waya, mijin ya kashe wayar. Daga nan zumunci ya yanke. Kaka ba ta ba kowa gaskiya ba, ba ta kuma ƙara ɗaga zancen ba, sai dai duk wanda ya ambaci Auta a gabanta zai ga ta tashi ta kama wani aiki.

Tana tankaɗe lokacin da ya miƙa mata wayar. Muryar da ta ji ta wani saurayi ce da ta fara buɗewa, ya gaishe ta a hankali kamar mai tsoron kalmomin su zube. Da ƙyar ta tambaye shi ko yana lafiya, ya ce lafiya, ta sake tambayarsa, ya sake cewa lafiya. Sai aka ji wani yana kira daga nesa, Guntu ya karɓi wayar ya ce an zo karɓe wayoyi, domin ƙasashen nasu biyu ne za su kara, kuma masu horarwa ba sa son hankalin kowa ya rabu.

Washegari Kaka ta ɗaura mayafi ta sa mai walda ya kai ta ƙofar jami'a. Mai gadi ya ba ta kujera, ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya ba ta haƙuri ya ce ba a ganin 'yan wasa sai bayan wasa, ko da uwar mutum ce. Ta ce ita ai ta fi uwa. Ya yi dariya ya ce ya yarda, amma dokar ba ta san da haka ba. Suka juyo. A hanya ta ce wa ɗanta ya nemo mata tikiti.

Ranar wasan rana ta buɗe sosai. Hawa matakalar filin ya ci mata gwiwa, tana hawa tana hutawa, mai walda na riƙe da hannunta yana nuna mata ɗinkin ƙarfen da ya yi. Da suka zauna ta leƙa ƙasa ta ga ciyawa shimfiɗe kamar an goge ta, ta ce ashe a kan wannan ake yi, to ina Guntu ke samo lakar da yake kawo mata.

'Yan wasa suka fito, na gida cikin shuɗi, baƙi cikin ja. Guntu ba shi da wuyar ganewa, shi ne mafi gajarta a bayan 'yan gida, ga ƙirji kamar turmi. Mai walda ya fara lalube cikin jajayen riguna, domin Guntu ya gaya masa lambar yaron, ya kuma ce abokansa Bahago suke kiransa saboda ƙafar hagunsa. Kafin ya gano shi Kaka ta taɓa masa gwiwa ta nuna can gefe. Wani dogo ne tsaye yana jiran a busa usur, hannu ɗaya a ƙugu, ya karkatar da kai gefe guda. Haka Auta ke tsayawa in tana jiran layi a famfo. Mai walda ya duba lambar, ya ga ita ce.

Aka take wasa. Ba a daɗe ba kowa ya gane cewa Guntu aka ɗora wa tsaron Bahago. Duk inda dogon ya nufa gajeren na manne da shi, in ya yi hagu ya tare, in ya yi dama ya tare, har 'yan kallo suka fara yi wa Guntu kirari. Kaka ba ta bin ƙwallon, su biyun kawai take bi da ido, in sun yi karo ta dafe ƙirji.

Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci aka cillo ƙwallo ta sama. Bahago ya tare ta da ƙirji, ya juya, Guntu ya zame, shi kuma ya sheƙa ta da hagu ta shige raga. Filin ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Cikin wannan shirun aka ga wata tsohuwa ta miƙe a tsakiyar 'yan gida tana tafi, mayafinta ya zame kafaɗa. Mutane suka juyo. Wani mai hula da ke gabansu ya ce, "Iya, zauna mana. Ai ba namu ne ya ci ba."

"Ku ne ba naku ba," in ji Kaka, ta ci gaba da tafinta.

Mai walda ya rufe fuska da hannu, ya shiga yi wa na kusa bayani ƙasa-ƙasa. Kafin a dawo daga hutu labari ya zaga layin kujerun, har wata mata ta aiko mata da ruwan sanyi, mai hula kuma ya ce to yanzu ta yi wa na gida addu'a su rama, tunda tana da hannu a ko'ina.

Bayan an dawo 'yan gida suka matsa neman ramawa, suka bar baya a buɗe. Can aka zura wa Bahago ƙwallo, ya fyalla da gudu, ba kowa a gabansa sai mai tsaron gida. Guntu ya biyo shi ta baya. Da ya ga ba zai cim masa ba, ya zube ya miƙa ƙafa don ya zare ƙwallon, amma ƙwallon ta riga ta wuce, takalminsa ya sauka a idon sawun Bahago. Dogon ya faɗi ya birgima, bai tashi ba. Alƙalin wasa ya ɗaga jan kati.

Kaka ba ta san ma'anar katin ba. Abin da ta gani shi ne mutane huɗu sun shigo da wani ɗan gado sun ɗora jikanta a kai sun ɗauka, ɗayan jikan kuma yana fita ta wani gefe ya ja riga ya rufe kansa, wasu na yi masa ihu. Ta miƙe ta ce wa mai walda ya kai ta. Ya ce ba za a bar su ba. Ta riga ta fara sauka.

A ƙofar ɗakin duba 'yan wasa wani jami'i ya tare su. Kaka ta tsaya tana haki, ta ce ita kakar yaron ce, kuma yau ba inda za ta. Ana cikin haka mataimakin kocin baƙi ya fito, mai fassara na biye da shi. Da aka fassara masa, ya dube ta da kyau ya matsa gefe. Ashe tun a mota Bahago ya ishe su da zancen cewa yana da kaka a garin.

Yana kwance an ɗora masa ƙanƙara a ƙafa, gumi da hawaye sun haɗu a fuskarsa. Da ya gan ta ya yi yunƙurin tashi zaune, ta danne kafaɗarsa. Ta shafa goshinsa, ta shafa kunnensa, ta kama tafin hannunsa ta juya shi tana dubawa kamar wadda aka miƙo wa jariri.

"Kaka," ya ce, "ka zo?"

Ta yi dariya hawaye na zuba. "Na zo. A tsufana an mai da ni namiji, amma na zo."

A asibiti hoto ya nuna ƙashin ya tsage, ba karaya ba ce, amma gasa ta ƙare masa. Aka naɗe ƙafar aka ba shi sandunan dogarawa. Sai matsalar wurin kwana ta taso, domin ɗakinsu a sansani a hawa na sama yake, kuma sauran 'yan wasan kullum suna wajen atisaye. Kaka ta ce ai wannan ba abin tunani ba ne, ga gida. Kocin baƙin, wanda ya iso bayan an tashi wasa sun ci biyu da nema, ya ce shi ba shi da ta cewa, yaro amana ne a hannunsa, sai in mahaifinsa ya yarda. Ya kira mahaifin a waya, ya yi magana da harshensu, sannan ya miƙa wayar ga mai walda.

Mai walda ya karɓa kamar an miƙo masa ƙarfe mai zafi. Ya fita baranda. Suka gaisa a daddafe, suka tambayi iyali. Ya fara kame-kamen yadda abin ya faru, cewa ɗansa ne, amma ba da gangan ba. Mutumin ya katse shi ya ce ya gani a talabijin, ƙwallo ce, shi ma ya buga a zamaninsa.

"Yaya," ya ce, "wa kake tsammani ya kwatanta masa layin? Na ce masa in ya ga famfo ya duba hannun dama. Ni ne dai ban san da bakin da zan kira ku ba."

Mai walda ya jingina da bango. Ya ce shi ya kamata ya kira tun tuni. Mutumin ya ce a bar wannan, a ba shi Kaka su gaisa. Ta karɓa ta kira shi da ɗana, kamar jiya suka rabu, ta tambaye shi ko har yanzu yana hawa dogayen ƙarafan nan, ta ce ya riƙa kula.

Aka gyara wa Bahago ɗakin da ke kusa da na Kaka, aka sa matashi biyu a ƙarƙashin ƙafar. Kafin a jima gidan ya saba da Hausarsa. A bakin uwarsa kaɗai ya koye ta, kuma inda ta tsaya da shi nan ta tsaya. Tunda ita "ka" take ce masa, shi ma kowa "ka" ne a wurinsa, har matar kawunsa. In ƙafar ta motsa masa sai a ji ƙaton saurayi ya ce, "Wayyo ni 'yasu." Yaran gidan su yi ta birgima don dariya. Kaka ma tana dariyar, amma wani lokaci in ya yi magana daga cikin ɗaki tana tsakar gida, sai hannunta ya tsaya a kan abin da take yi, domin har jan muryar na Auta ne.

Guntu kuwa bai dawo gida ba sai da aka fitar da su daga gasar. An hana shi buga wasa na gaba, aka kuma cinye su. Da ya dawo ya ajiye jaka ya wuce shago, ya ɗauki burushin ƙarfe ya kama kankare tsatsa ba wanda ya sa shi. Samarin layi in sun wuce sai su yi masa ba'a, su ce ga wanda ya karya ɗan'uwansa ya kuma karya ƙasa. Ba ya tanka musu. Abinci ma a shago yake ci. In ya shigo gida sai ya bi ta jikin bango don kada ya wuce ƙofar ɗakin.

Kaka ta zuba masa ido kwana biyu. Rannan da safe ta leƙa shago ta ce ya zo, mijinta na waje yana son yin wanka, ita kuma ba ta da ƙarfin tallafe shi, in na gida bai ji kishi ba ya taimaka. Ba yadda zai yi. Ya shiga ya tsaya a bakin ƙofa kansa a ƙasa, ya fara haɗa kalmomin ban haƙuri. Bahago ya bar shi ya gama, sannan ya ce shi abin da ya dame shi daban ne. Tun da ya fara ƙwallo ba a taɓa manne masa kamar ranar ba, har ya fara tunanin ko Guntu a aljihunsa yake kwana.

"Da ni ne a bayanka, ni ma zan zube," ya ce. "Sai dai ni da na samu ƙwallon, don ƙafata ta fi taka tsawo."

Guntu ya ɗago. Ya ce tsawon banza, da ba don ya zame ba ai ko ƙwallon farko ba za ta shiga ba. Bahago ya ce zamewar ma shi ya sa shi. Kafin ruwan wanka ya huce suna ta musu, Guntu ya naɗe masa ƙafar da leda, ya saƙalo hannunsa a wuya suka fito tsakar gida, dogo na ɗingishi gajere na nishi. Kaka ta ce yau ga ango ana koya masa tata.

Daga ranar Guntu ya kwaso katifarsa ya dawo ɗakin. Da yamma sukan fito da kujera ƙofar shago, Bahago ya miƙe ƙafa a kan tsohuwar taya, samarin layin da ke ba'a su zo su kewaye shi suna tambayar yadda ake buga ƙwallo a ƙasarsu. In wani ya ɗauko zancen jan kati sai ya ce ƙafarsa ce, shi bai kai ƙara ba.

Wata la'asar gidan ba kowa sai shi da Kaka, tana tsince shinkafa a tire. Ya tambaye ta ko Mama tana da faɗa tun tana ƙarama. Kaka ta ajiye tiren. Ta ce faɗa kai, ai har maza tsoronta suke ji a famfo, akwai ranar da ta kifa wa wani yaro bokiti a ka don ya tsallake mata layi. Ta ba shi labarin yadda take ɓoye takalmin makaranta in ba ta son zuwa, da yadda ta koyi keke a ɓoye da keken yayanta har ta faɗa kwata. Shi kuma ya gaya mata abin da ba ta sani ba: cewa Auta ta yi ɗinki a can har ta yi suna, cewa takan tsaya a bakin katangar makarantarsu ta kalli wasansa tana yi wa alƙali faɗa, cewa ciwon bai wahalar da ita da yawa ba, kuma babansa bai bar gefen gadonta ba. Kaka ta saurara har ya gama. Ta goge ido da bakin zane ta ce Allah ya ji ƙanta, ya ce amin. Suka ci gaba da tsintar shinkafar tare, yana zubar da mai kyau yana barin tsakuwa, tana buge masa hannu.

'Yan ƙasar su Bahago suka yi ta cin wasa har suka kai na ƙarshe, inda aka doke su a bugun fanareti. Duk gidan sun je kallo. Da za a ba da lambobin azurfa aka kira har da Bahago, Guntu ya rako shi har bakin ciyawa, daga nan abokansa biyu suka karɓe shi. Da aka rataya masa lambar ya juya yana neman inda suke zaune, bai gan su ba saboda yawan mutane, sai ya ɗaga sandarsa sama ya yi ta kaɗa ta ko'ina.

Da safen da za su tafi, motarsu na tsaye a ƙofar jami'a, mai gadin nan da kansa ya shigar da Kaka har gindin mota. Yaran suka yi ta leƙowa ta taga suna kiran Kaka da irin nasu lafazin. Bahago ya rungume kawunsa, ya dunƙule hannu ya bugi kafaɗar Guntu, sannan ya sunkuyo mata. Ya ce babansa ya ce a gaya mata akwai ɗaki a gidansu, kuma ƙannensa mata biyu, 'ya'yan matar babansa, suna ta tambaya ko su ma kakarsu ce.

"Ka ce musu su shirya," in ji Kaka. "Ni ba na raba jikoki."

Mota ta tashi. Suka tsaya har ta sha kwana.

Ƙafar ta warke kafin damina ta wuce, ya koma fili, yana turo wa Guntu bidiyon ƙwallayen da ya ci don ya ba shi haushi. Guntu ma ya koma atisaye, aka sake kiransa. Kaka kuwa, wadda ba ta taɓa ƙetare iyakar ƙasa ba, ta tasa mai walda gaba sai da ya kai ta shagon mai hoto don a yi mata na fasfo. Mai hoton ya zaunar da ita gaban farin ƙyalle, ya gyara mata mayafi, ya ce ta dubi nan, kada ta yi murmushi. Guntu na tsaye a bayansa yana murguɗa mata baki. Sai da aka kore shi waje sannan hoton ya yiwu.